Zuwa Kurmi Ɗauko Yaya Mamman

Jama'a, kun ishe ni. Tun da na dawo daga Kurmi ban sha shayi da daɗin rai ba. In na zauna ofishin malamai, Mista Yohanna ya jawo kujera. In na gudu gindin durumin bakin kasuwar Bukkuyum, sai wani ya dafa ni ya ce, "Malam Sani, wai da gaske ka ci kwalar likita?" Ba likita ba ne, kuma ban ci kwalar kowa ba, ƙarin gishirin Na-Allah direba ne. To ku saurara, sau ɗaya zan faɗa tun daga tushe, wanda ya sake tambayata bayan wannan ya je ya nemi wanda ya ji.

Mu mutanen Dareta ne, ƙasar Anka. Yaya Mamman shi ne babba a ɗakinmu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya tsaya kai da fata sai na yi boko. Sana'arsa rakiyar shanu daga karar Gummi, wato kasuwar shanu, zuwa Kurmi, ƙasar Yarbawa. Wanda ya san shi ya san mutum ne mai baki, ba ya wuce ka bai tsokane ka ba. Ni kam bai taɓa kirana Malam ba, sai dai “ɗan alli”.

Ana tsakiyar damina Na-Allah ya tsai da tirelarsa bakin makaranta, ya aiko a kira ni daga aji. Ganin bai yi mini wasa ba na san ba lafiya. Ya ce, "Sani, sai haƙuri. Mamman ya samu taɓi can Kurmi. An kai shi asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa, kuma mai masaukinmu ya ce lalle wani nashi shi taho."

Ni kuwa ba taɓin ne ya fi tsorata ni ba. Asibitin ne, kuma ga dalili.

Bara waccan, da anka tura mu kwas Gusau, Mista Yohanna ya ja ni sinima. Mun tafi da zummar fim ɗin Indiya, sai anka sako na Turawa, tun daga farko har ƙarshe cikin gidan mahaukata. 'Yan kallo sunka yi ta fito suna jifar bango da ɓawon gyaɗa, ni kuwa na kasa ɗauke ido. Turancin ta hanci suke yin shi, rabi na ji, amma ido ba ya bukatar tafinta. Wani mutum ne anka kawo mai surutu da barkwanci, kullum yana fito da baki, ma'aikata sun rasa yadda za su yi da shi. Ranar nan sunka aske shi ƙwal, sunka tura shi wani ɗaki bisa gado mai taya. Da anka sake nuno shi yana zaune bisa kujera, ga tabo gefen goshi nan da nan, ido buɗe, ba kowa ciki. Matarsa ta zo ta durƙusa tana kiran sunansa, ko ƙiftawa bai yi ba. Muna fita na ce ma Mista Yohanna ai wasa ne ko? Ya ce a'a, ya taɓa karantawa, ana yi a Turai, wani abu suke yankewa cikin ƙwaƙwalwa mutum ya yi laƙwas. Allah ya isa tsakanina da kai, Yohanna, da ka ce mini ƙarya ne da ban yi asarar barcina ba.

To ka ji, mai surutu da barkwanci. Tun da Na-Allah ya rufe baki ba abin da nake gani sai Yaya Mamman bisa kujerar nan. Na ɗauki izini wurin hedimasta, na hau keke zuwa gida na shaida wa Inna da matar Yaya. Ban faɗa musu zancen fim ba, na bar shi yana cina ni kaɗai.

Na sami Na-Allah a karar Gummi ana lodi. Gaban mota ya cika da masu shanun, don haka anka ce in hau bisa, kan katakon da ake gittawa saman dabbobi. Ni kuma don ma'aikatan asibiti su ga ba ƙauyanci na zo da shi ba, sai na ci ado: farar taguwa mai aljihu, wando da kari, takalmi sau ciki ya sha mai. Abokin zamana a sama wani dattijon Bafillace ne, Baffa Oro, mai kula da shanun a hanya. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Modibbo, ɗaurin aure za mu?" Na share shi.

Munka bi ta Ɗaki Takwas munka miƙi hanyar Zuru, mota na rangaji, shanu na kaɗa ƙaho ƙarƙashin ƙafafunmu. Ashe aikin mai rakiya ba zama ba ne. In saniya ta kwanta cikin mota, sauran sai su tattake ta, dole a tashe ta nan take. Mun wuce Zuru kaɗan wata baƙa ta zube. Baffa Oro ya dira ciki kamar yaro, ya ɗago kai ya ce, "Modibbo, sabko ka kama wutsiya!" Na ce ni? Ya ce, "Wa kuma? Yayanka shekara nawa shina yin haka don ka riƙe alli?" Maganar ta soke ni, na sauka. Na kama wutsiya na murɗa yadda ya ce, saniya ta zabura, ni kuma na tafi da baya cikin kashi da fitsari har wuya. Da na hau sama takalmi ɗaya ne a ƙafata. Ɗayan yana can ƙarƙashin shanu, kuma ban sake ganinsa ba har yau.

Baffa Oro ya yi dariya har da hawaye, amma mutumin kirki ne. A Kwantagora shi ya saya mini tuwon shinkafa, ya zauna yana kore mini ƙuda. Da ya ga ba na ci, ya tambaye ni, na ba shi labarin fim ɗin. Ya ce, "Ka gan shi da idonka an yanka mutumen?" Na ce a bango na gani. Ya ce, "To bango na." Na ji haushi ƙwarai, na ce a raina tsohon daji me ya sani.

Gadar Jabba ita ce iyaka, ko da ba a rubuta ba. Na taɓa ganin gulbin Gummi ya cika ya batse na ce na ga ruwa, ashe ban ga kome ba. A bakin gadar 'yan sanda sunka tsai da mu, anka ce kowa ya sauko. Wani kofur ya zagayo ya tsaya a kaina. Ku tuna yadda nake: taguwa ta bushe da kashin shanu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya ba, ido ya yi ja don rashin barci. Ya tambaye ni da Turanci ina za ni. Ni kuma na gyara tsayuwa na ba shi amsa da Turancin aji, na ce asibitin mahaukata za ni. Sai ya ja da baya taku biyu, ya kira Na-Allah ya ce, wa ke riƙe da wannan, kuma don me ba a ɗaure shi ba? Na-Allah, la'ananne, maimakon ya gyara zance sai ya ce, "Ba shi duka, ranka shi daɗe, in dai ba a taɓa mai takalmi ba." Anka sallame mu da sauri. Har munka ƙetare ban yi masa magana ba.

Daga nan duniya ta canza. Itatuwa sunka rufe sama, ruwa ba ya ɗaukewa, kowace bukka da mace a gaba tana ciniki tana daka wa maza tsawa, su kuwa ko a jikinsu. A wata tasha bayan Ilori na ga saurayi da kwat da jaka ya zube rub da ciki gaban wata tsohuwa, cikin taɓo. Na yunƙura in taimaka, na ɗauka farfaɗiya ce, Baffa Oro ya riƙe ni ya ce gaisuwa ce. Mu da muke taƙama da durƙuso, an fi mu. Abinci kuwa, an kawo mini wani tuwo baƙi mai santsi, na ce wa mai abincin ya ƙone. Ta harare ni ta faɗi wata magana mai tsawo wadda na gode Allah ban ji ba. Na garin doya ne, haka kalarsa take. Miyar kamar lalo, ba laifi, amma barkonon da ke bisa, wayyo! Na sha ruwa har cikina ya yi ƙugi.

Da munka isa garin, munka sauka unguwar Hausawa, gidan Alhaji Ilu mai masaukin fatake. Zaure ne babba, tabarmi jere, kowa da buta da sanda, sauro kuwa ba ya jiran magariba. Alhaji ya sa anka ba ni ruwan wanka da aron riga da silifa, sannan ya zaunar da ni ya faɗa mini yadda abin ya faro. Wai Yaya ya daina barci, ya riƙa cewa ana binsa, har ranar da ya buɗe shingen kara ya kore shanun mutane cikin gari yana cewa za a ƙone su. Sun fara sa shi a mari, malamai sunka yi ta rubutu, abin sai gaba. Wani mahauci Bayarabe da suke hulɗa shi ya ce a kai shi asibiti, da motarsa ma anka kai shi.

Na ce, "Alhaji, yanzu yaya shike?"

Ya ce, "Rabona da zuwa an kwan biyu, kasuwa ta riƙe ni. Amma masu kai mai abinci sun ce alhamdu lillahi, ya natsu, ba ka ko jin bakinai."

Shi albishir yake yi mini. Ni kuwa mugun labari na ji, don Yaya Mamman da ba a jin bakinsa ba Yaya Mamman ba ne.

Da hantsi na kama hanyar asibiti. Na zaci katanga da sarƙa da kururuwa, sai na tarar da fili da furanni, wasu na saƙar kwando, wasu na dara irin tasu ta gurabu. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, don na fim ɗin ma fes yake. Anka haɗa ni da sistar da ke kula da ɓangaren maza, wata Bayaraba ƙatuwa mai tsagar kumatu. Na fara kakkaɓo Turanci, sai ta ce, "Kai ɗan'uwan Mamman na? Sannu da hanya, kun sha wuya." Hausa tas, irin tamu. Ashe a Ƙauran Namoda anka haife ta, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ta nuna mini wani mangwaro can gefe ta ce yana can.

Na hango shi ta baya, zaune bisa tabarma, ya ba mutane baya, ba ya motsi. Kansa a aske ƙwal, yana ƙyalli. Na matsa na ce, "Salamu alaikum, Yaya." Shiru. Na zagaya gabansa, sai ga su: tsaga sababbi gefen goshi, dama da hagu, jini ya bushe a kai. Idonsa a ƙasa. Na ce, "Yaya, ni ne, Sani. Ɗan alli." Ko ɗago kai bai yi ba.

Wallahi ban san lokacin da na kurma ihu ba. Na juya kan sista ina kuka ina zuba Hausa da Turanci a haɗe: kun yanka shi, kun kashe mana shi da rai, wa ya ba ku izini, sai na kai ƙara har Ikko! Masu saƙar kwando sunka ajiye aiki, masu dara sunka miƙe. Wasu ƙarti biyu masu fararen kaya sunka taho a guje, sunka tsaya suna duban ni da Yaya, sun rasa wanda za su kama. Na sunkuya na ciccibi hannun Yaya ina cewa tashi mu tafi, ko gawarka ce gida za ni kai ta. Sai ya fizge hannun, ya ɗaga mini yatsa ɗaya, irin na “dakata”.

Sai a sannan na ga carbi a ɗaya hannun, cikin riga. Sai a sannan na ga leɓensa na motsi, na kuma lura gabas yake duba. Lazimi yake ja, kuma ba ya katse lazimi ko gobara ake yi, ni na fi kowa sani, na sha ranƙwashi a kan haka ina yaro. Na tsaya sororo. Ya kai ƙarshe a natse, ya shafa, ya ɗago ya dube ni, ya dubi rigar aro da silifa, ya ce, "Ɗan alli, wa ka bar ma ɗiyan mutane ka taho nan kana kuwwa? Nan asibiti na, akwai marasa lafiya."

Na zube ƙasa na rungume ƙafarsa ina kuka kamar yaye. Na sha jin daɗi a rayuwa, amma ban taɓa jin irin na ranar nan ba, sai da na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ƙirji. Da na samu numfashi na nuna goshinsa na ce to wannan fa? Ya ce, "Ƙaho na mana. Wanzami ka zuwa ran Juma'a, mutumen Gummi ma na. Kaina ka ciwo nic ce shi sa mani. Kai ba ka san ƙaho ba yanzu?" Ni da ke ɗauke da irin tsagar nan a ƙeyata tun ina ɗan shekara bakwai!

Sista ta kori ƙartin, ta zauna bakin tabarma tana dariya har tana share ido da gefen hula. Na ba ta labarin fim ɗin cikin kunya. Ta ce ta ji ana faɗin irin wannan aikin a da, can wata ƙasa, amma ita tun da ta kama aiki ba ta ga an yi wa kowa ba. Nan ƙwaya ce da allura da haƙuri. Wanzami kuwa likita ya ce a bar shi ya shigo, malami ma ya kawo rubutunsa, in dai mutum zai haɗiye maganinsu. Sannan ta daina dariya ta ce, "Yayanka ya daɗe da samun sauƙi. Abin da ya tsare shi, ba mu sallamar mutum sai nashi ya zo, mun gaya mai yadda za a kula da shi. Kullum shina zaune nan shina duban ƙofa." Ta nuna mini wani dattijo da ke shara can nesa, ta ce shi ya warke tun kafin ta zo, ba wanda ya taɓa zuwa nemansa.

Kada in yi muku ƙarya, ba Yaya Mamman na da na samu cif ba. Ya yi ƙiba, hannunsa na ɗan rawa, maganarsa ta yi sanyi, yakan yi shiru tsakiyar zance. Da munka keɓe ya ce mini, "Sani, abin ga da yaz zo mani, tsoro na. Ban taɓa jin tsoro irinai ba. In ka ga na fara rashin kwana, kada ku sa ni mari, ka kai ni wurin likita." Na ce na ɗauka. Likita ya yi mini bayanin maganin, ya ce kada a yanke ko an ga ya warke, ya kuma faɗa mini inda za mu riƙa karɓa a Sakkwato.

Dawowa ba mu bi shanu ba, na rantse ba zan ƙara ba. Motar fasinja munka shiga, muna canzawa gari gari. Yaya ya yi barci mafi yawan hanya, kansa bisa kafaɗata. A gadar Jabba na yi ta sunkuyar da kai kada kofur ɗin nan ya gane ni. A Anka munka sami a-kori-kura mai zuwa ƙauyukanmu, munka sauka Dareta bayan la'asar.

Kafin mu kai ƙofar gida gari ya ɗauka. Maza sunka fito, mata na leƙe ta kan danga, kowa na so ya ga ko da igiya anka kawo shi. Shi kuwa ya bi su ɗaya ɗaya yana gaisawa da suna, har ya tambayi maƙwabcinmu ko ya gyara rumbun nan nasa mai kama da hular mabaraci. Anka kwashe da dariya, wani tsoho ya ce, "Shi na, wallahi shi na!" Matar Yaya na jin haka ta saki guɗa daga cikin ɗaki.

Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Kun san ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban tsabar idonsa ba tun da ta haife shi. Ya durƙusa nesa ya gaishe ta. Ba ta juyo ba. Ni ta kira, ta ce, "Sani, wanga da kat taho da shi, ya san inda shike?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, "Ɗan alli, ce mata na sani. Ce mata kuma yunwa nika ji, tun da nit tafi ban ci tuwon kirki ba."

Inna ta ajiye rariya. Ta tashi ta nufi madafa, har ta kai ƙofa, sai ta tsaya ta dafa bango. Gaban mutane duka, ta juyo ta dube shi ido cikin ido, ta daɗe tana dubansa, hawaye na zuba ba ta share ba. Sannan ta ja gyale ta rufe fuska ta ce da ni, "To mi kaka tsaye? Ɗauko mai tabarma."